Rogon Inna

Ni fa tun farko babu ruwana da maganar rogon nan, jawo ni aka yi. Ina zaman zamana a tashar 'yan acaɓa, na kishingiɗa a kan mashin ɗin maigidana ina tsokanar mai shayi, sai ga ƙanwata da gudu, wai Baba na nemana a zaure, ya yi baƙo. Na ce baƙon fasinja ne? Ta ce a'a, malamin gona ne. Na ce to ni me ya haɗa ni da gona, mutumin da ko fartanya ta hango ni sai ta yi dariya? Ta ce, "Baba ya ce kai ne ɗan bokon gidan."

Ɗan boko! A aji uku na sakandare muka raba gari da boko, ba tare da ko sallama ba. Turancin da na fito da shi bai wuce na karanta lambar mota ba. Amma a gidanmu na Limawa ni ne farfesa. A rashin uwa ake uwar ɗaki.

Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Ma'aikata sun cika gari, Litinin su zubo daga Kano, Juma'a su gudu kamar an biyo su. Yawancinsu ba su kawo iyali ba, saboda haka cikinsu a titi yake ci. A nan rogon Inna ya yi suna. Kullum da hantsi nakan ɗaure babbar roba a bayan mashin in kai bakin sakatariya, dafaffen rogo da yaji da garin ƙuli-ƙuli, kafin azahar ko ɓurɓushi babu. Rogo ne fari tas, in ya dahu sai ya dare da kansa, gari-gari, tsohon da ba shi da haƙori ko ɗaya ma yana iya cinsa. Ɓawonsa kuwa da farce ake zare shi kamar ana tuɓe riga.

Kuma ba na Baba ba ne, duk da a gonarsa yake. Inna ce ta zo da shi daga ƙauyensu na wajen Ringim. Da aka kawo ta, a cikin kayanta har da dami na itacen rogo, uwarta ta ɗaure mata. Kakar tamu ta rasu tun ina goye, kwanukanta sun fashe, zannuwanta sun ƙare, abin da ya rage na hannunta a duniya shi ne rogon nan. Wanda bai san rogo ba ya sani: ba shi da ƙwaya da za ka zuba a kwalba ka ajiye. Itacensa ne irin. In an tone, sai a tsayar da itacen a inuwa, a sassare shi gunduwa-gunduwa a dasa. Ya bushe kafin a dasa, shi ke nan, iri ya mutu.

Na tarar da malamin gona a zaure, wani siriri mai kirki, ya ajiye hular kwanonsa a kan tabarma. Ya ce sun kawo sabon irin rogo da aka fitar a wajen bincike, mai yawan 'ya'ya, ciwo ba ya kama shi. Suna so Baba ya ba da rabin gona a gwada, rabi a bar tsohon, a ga wanda zai fi. Baba ya ce bismilla. Sai malamin ya ƙara da cewa, "Amma Baba, an ce mu ji ta bakin matan gida, tunda su ke dafawa. Da muna da malama mace, an yi mata canjin aiki zuwa Garki. Ni kuwa ka ga abin da aka rubuta a ƙofarka."

Ba Shiga. Da gawayi, da hannuna ma na rubuta.

Baba ya juyo ya ce, "Kai, shiga ka tambayo uwarka."

To a nan aka yi ɓarnar, kuma mu ukun nan babu wanda ya lura. Ni ɗan fari ne. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon tsabar idona ta yi mini magana ba. In tana so in ɗebo ruwa, sai ta ce wa bango randa ta bushe. In abin ya yi tsawo, ƙanwata ce tafinta: "Ce wa wancan ya rage yawon dare." A duk gidan nan, da akuya da kaji, babu wanda ya fi ni rashin dacewa da wannan aike. Tafintar kuma tana isar da kiran Baba ta wuce islamiyya.

Na same ta a tsakar gida tana ɓare rogo. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, wai malamin gona ne ya ce a tambaye ki."

Ɓawo yana ta sauka a faranti.

"Wai wane irin rogo kike so. Mai girma, ko mai yawa, ko mai saurin nuna." Da na ga shirun ya yi yawa sai na ƙara nawa: "Ko mai rediyo a ciki."

Ta dubi akuyar da ke ɗaure a turke ta ce, "Akuyar nan da surutu take."

"Inna, mutumin yana jira fa."

Ta ɗan karkato wajena, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Duk abin da mai gidan ya yanke."

Na miƙe. Na kai bakin ƙofa sai na ji tana zuba rogon a tukunya tana cewa, "Rogo dai ba a sanin halinsa a gona. Sai ya sha ruwan zafi." Na ce a raina, Inna da tukunyarta sun fara hirar tasu. Magana biyu aka yi, ɗaya an karkato wajena, ɗaya an karkata wajen tukunya. Na ɗauki wadda aka miƙo mini na kai zaure. Malamin, kamar bai ƙoshi ba, ya ce, "Iyakar abin da ta ce ke nan?" Baba ya ce, "Ai ka ji. Gidana babu gardama."

Aka dasa. Gonar tana bayan duwatsu, ta wajen da dabino ya yi yawa, an kewaye ta da shinge saboda awaki. Rabin Inna aka ci gaba da yi masa yadda aka saba, ana tono kaɗan-kaɗan, kwando guda kowace safiya, itacen kuma ana jingine shi a tsaye a gindin darbejiya. Sabon kuwa malamin ya ce kada a taɓa ko saiwa ɗaya sai ranar awo.

Ranar awo ta zo da damina ta zagayo. Maza suka taru, maƙwabtan gona da 'yan kallo da waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin za a ci wani abu. Aka tumɓuke gindin farko na sabon, sai wuri ya ɗauki salati. Kowace saiwa kamar cinyar ɗan dambe. Rogon Inna a gefensa sai ya zama kamar yatsun mai ciwo. Baba ya riƙa zagaya tsibin yana gyara hula.

Malamin ya ce to a ɗanɗana. A gona kuwa wa ya zo da tukunya? Namiji a gona gashi ya sani. Aka haɗa kara aka hura wuta, aka tura rogo cikin garwashi, aka fito da shi baƙi ƙirin, aka kankare, ni na zazzago yajin da ke aljihuna. Mutumin da ya wuni yana tono, ko silifa ka gasa masa ka barbaɗa yaji zai ce a ƙaro. Muka ci muna lashe yatsu. Aka ce wanda ya fi son sabo ya ɗaga hannu. Ni biyu na ɗaga, har da ƙafa na so in haɗa.

Kafin la'asar wani ɗan kasuwa mai kai wa masu garin kwaki ya iso da a-kori-kura, ya saye sabon rogon kaf, ya loda ya tafi. Ko guda bai shiga gidanmu ba. Itacen kuma aka raba wa duk wanda ya miƙo hannu, har da maƙwabtan da a da a wajen Inna suka samu iri.

In faɗi gaskiya, malamin ya yi magana. Yana ɗaura hular kwano ya ce, "Baba, ko layi ɗaya ne a bar na tsohon. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari."

Baba ya ce, "Malam, layi ɗaya ma asara ne. Ai ido ya gani."

Aka dashe gonar daga shinge zuwa shinge da sabo. Itacen Inna da ke gindin darbejiya, da aka ga shinge ya yi ƙofofi, sai aka kwashe shi aka ɗaɗɗaure a kwance aka toshe. A gida na ji Inna tana tambayar bango ko an tsayar da itacen a inuwa. Baba yana alwala ya ce, "An ma gama dashe." Ta ce madalla. Ita ba ta zuwa gona. A zatonta nata yana ciki kamar kowace shekara.

Sana'a ta tsaya kamar yadda takan tsaya kafin rogo ya yi, sai da shekara ta zagayo. Rana ɗaya abu biyu suka shigo gidanmu. Da safe na kawo kwandon farko na sabon rogo a bayan mashin. Inna ta ɗauki guda ta juya shi, ta sa farce, ɓawo ya ƙi. Ta ɗauko wuƙa. Na ga tana leƙa kwandon kamar mai neman wani a cikin taro. Ba a jima ba sai ga amalanke a ƙofar gida. An sabunta shinge, Baba ya sa an kwaso tsohon. Lokacin ana wahalar kananzir, itace ya yi tsada, sai ya shigo yana fara'a yana cewa, "Ga makamashi nan, kyauta, ya ishe ki kwana biyu."

Aka jibge a tsakar gida. Itacen rogon Inna jaja-jaja ne, gaɓoɓinsa kusa-kusa, ko a bushe ba ya ɓuya. Ta tsaya a kansa. Sai ta durƙusa ta zaro sanda ɗaya, ta kankare da farce ta duba ko akwai ɗanye a ciki. Ta ajiye. Ta zaro wata. Wallahi haka ta bi tsibin nan ɗaya bayan ɗaya, tana kankarewa tana ajiyewa, har farcenta ya yi jini. Babu ko ɗaya mai rai.

Ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ta ɗora tukunya, ta tura sandunan a murhu.

Rogon ya sha wuta. Ruwa ya ƙone ta ƙara, ya sake ƙonewa ta sake ƙarawa. Nata a da kafin ka gama daka yaji ya dare. Wannan har tsibin itacen ya ƙare yana nan yadda yake, ya yi garau kamar gilashi, tsakiyarsa da jijiya da ɗan ɗaci-ɗaci. Duk da haka ta zuba a roba ta rufe, ta ce wa bango rana tana yi.

Na kai bakin sakatariya. Wani masinja, tsohon kwastomanmu, ya gatsa ya tsaya. Ya ce, "Kai ɗan acaɓa, yau kyandir ka kawo mana?"

Na ce, "Sabon samfuri ne, Yallaɓai, na Turai. Ba a taunawa, tsotsa ake."

"To kai wa Turawan. Ina na tsohuwa?"

"Ya tafi hutu."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Amma robar a cike na mayar da ita, kuma ban san ta ina zan shiga gida da ita ba. Na daɗe a zaure ina goge mashin ɗin da ba shi da datti. A nan ƙanwata ta same ni, na ba ta labarin aiken da aka yi mini bara waccan, da abin da Inna ta ce da ni, da abin da ta ce da tukunya. Yarinyar nan ta riƙe haɓa ta ce, "Kai Yaya! Ai wanda ta faɗa wa tukunya shi ne naka. Wanda ta faɗa maka kunya ce kawai." Shekara ashirin ina gidan, sai yarinyar da aka haifa a gabana ce ta koya mini yaren uwata.

Inna ta sake gwadawa, ta jiƙa, ta yanka ƙanana, ta sa kanwa. Bai canza hali ba. Ba wai rogon banza ba ne, na garin kwaki ne, don masu tuya aka yi shi, kuma mu nan ba ma tuya. Mai a-kori-kura ma bai dawo ba, an ce tsadar mai ta hana shi, ga shi kowa a unguwa irin da ya dasa ke nan. Babbar tukunyar nan aka kife ta a bayan ɗaki. Daga baya kaza ta riƙa ƙwai a gindinta.

Ba wanda ya aike ni, na sayi mai a wajen 'yan bumburutu na kama hanyar Ringim. Kawu, yayan Inna, ya ce ai su ruwa ya cinye musu gonar rogo tun shekarun baya, yanzu shinkafa da tumatir suke yi. "Da ma muna cewa in mun tashi, a wajenku za mu karɓo." Na bi ƙauyuka ina tambaya, ana yi mini kallon wanda aljanu suka taɓa, saurayi a kan mashin yana cigiyar itace. A ƙarshe wata tsohuwa ta ba ni dami, jaja-jaja, ta rantse shi ne. Na goyo shi kamar amarya. Da hannuna na dasa a kusurwar gona, ni da fartanya muka shirya dole.

Da ya yi, Inna ta dafa. Ya dahu, ba laifi. Ta gutsura ta tauna a hankali, ina leƙe daga ƙofa. Ta daɗe ba ta haɗiye ba. Daga nan ta ture kwanon gaban ƙanwata, ta dubi bango ta ce, "Allah ya yi wa mai nema albarka." Ba shi ba ne. Tukunyar ba ta tashi daga inda aka kife ta ba.

Shekaru suka tafi, aka shigo zamanin shari'a. Gari ya canza, hijabai suka yi tsawo, mu 'yan acaɓa aka fara yi mana gunaguni a kan ɗaukar mata. A cikin wannan yanayi ne ofishin gona suka dawo, da wani sabon irin kuma. Wannan karon sun zo da malama, hijabi har ƙasa, da 'yar tukunyarta a cikin kwando. Ta ce ita ciki za ta shiga, a dafa a gabanta, ta ji daga bakin masu dafawa. Baba ya ce ta ɗan jira a zaure. Ina tsakar gida ina wanke filogi ya shigo da murnarsa.

"Innarsu, shimfiɗa tabarma. Baƙuwa ce taki, ba tawa ba. Wai ke za a tambaya irin rogon da kike so."

Inna tana tankaɗe. Ta ce, "A ba ta ruwa ta sha, Malam. Ni na bar sana'a."

"Ikon Allah. Shekara da shekaru kina kumbure-kumbure ba a tambaye ki ba. Yau tambaya ta tako har gida."

"Ni na ce maka ina kumburi?"

"Tukunya a kife ba kumburi ba ne? Rogo fa rogo ne. Wani ya tafi, wani ya zo."

Ta ci gaba da tankaɗe.

"Kuma in don wancan ne, ai an tambaye ki. Ga ɗan aiken nan a zaune. Kai, ban aike ka ba?"

Na ce, "Baba, ni filogi nake wankewa."

"Da kin buɗe baki kin ce a bar miki layi, wa zai hana ki?"

"Na buɗe."

"Wa kika faɗa wa?"

"Wanda ya ji ya ji."

Baba ya fara hasala, ga baƙuwa a zaure tana jin komai. Ya rage murya ya ce, "To na ji, ya wuce. Yanzu dai kada ki ba ni kunya. Matar nan aikinta take. Abu ɗaya za ki faɗa mata, wane iri kike so, su je su nemo, ko su haɗa miki. An ce har haɗawa suna yi. In ba za ki fito ba, faɗa mini in kai mata da kaina."

Inna ta ajiye rariya. Tunda nake ban taɓa ganin ta ɗago ta dubi Baba ido cikin ido a gabana ba sai ranar.

Ta ce, "To kai mata, Malam. Ka ce irin da nake so, da shi na hura wuta na dafa naku. Kuma bai dahu ba."